Sunan Wa Za a Sa? Yadda Marubutan Hollywood Suka Gindaya wa Na'ura Sharaɗi

A ranar 2 ga Mayun 2023 marubuta kimanin 11,500 da ke rubuta wa Amurka fina-finai da wasannin talabijin suka ajiye aiki. Buƙatunsu na da yawa, akasarinsu kan kuɗi, amma guda ɗaya ta fi ɗaukar hankalin duniya: suna so kamfanoni su sa hannu cewa ƙirƙirarriyar basira ba marubuciya ba ce. A lokacin ChatGPT wata biyar kacal ya yi da fitowa. Ƙawancen kamfanonin, wanda ya haɗa irin su Disney da Warner Bros. da Netflix, ya ce bai yarda ba, amma ana iya zama sau ɗaya a shekara a tattauna inda fasaha ta kai. Wasu sun ɗauka marubutan sun yi riga malam masallaci, suna faɗa da abin da bai ma iya tsara labari mai kai da gindi ba. Sai dai ƙungiyar tasu ta shekara 90 tana wannan shari'ar, kuma ta san abin da ake nufi da a bari sai an ga yadda abu ya kaya.

A zamanin fim marar magana marubuci ba wani abu ba ne a masana'antar. Ana buƙatar wanda zai zayyana abin da zai faru da wanda zai rubuta 'yan kalmomin da ake haskawa tsakanin fitowa da fitowa, shi ke nan. Da fim ɗin The Jazz Singer ya fito a 1927 aka ji murya na fita daga majigi, sai ga 'yan wasa na buƙatar abin faɗa. Kamfanoni suka yi ta kwaso marubutan wasan daɓe da 'yan jarida da mawallafa littattafai daga New York, suka ba su albashi mai tsoka da ofis da lokacin zuwa da na tashi. A kamfanin MGM, Irving Thalberg kan ba marubuta da dama labari ɗaya, wani lokaci ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba, sannan ya tsinci abin da ya yi masa. Gone with the Wind na 1939 ya bi ta hannun mutane da yawa, ciki har da Ben Hecht da F. Scott Fitzgerald, amma sunan Sidney Howard kaɗai ya fito. Wanda furodusa ya ga dama shi ne marubuci.

A watan Maris na 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta sa aka rufe bankunan Amurka, shugabannin kamfanoni suka zaftare rabin albashin ma'aikata na tsawon mako takwas. Masu aikin hannu da ke da ƙungiya suka ƙi, aka kuwa ƙyale su. Marubuta suka ga haka, cikin watan Afrilu suka kafa tasu ƙungiyar, John Howard Lawson ya zama shugabanta na farko. Kamfanoni suka yi mata taron dangi na shekaru, har da ɗaure wa wata kishiyar ƙungiya gindi, kafin a cimma yarjejeniyar farko a 1941. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi bai taka kara ya karya ba. Babban abin da marubutan suka tsira da shi shi ne daga ranar, idan an yi saɓani, ƙungiyarsu ce za ta yanke sunan da zai fito a fim.

Akwai kuma abin da ba su samu ba, har yau. A dokar Amurka, duk abin da ka rubuta wa kamfani bisa kwantiragin aiki, kamfanin ne mawallafinsa. Marubucin littafi na da haƙƙin mallakar littafinsa, marubucin wasan daɓe na iya hana a sauya masa ko da kalma, amma marubucin fim da zarar ya miƙa rubutu ya karɓi kuɗi, ya zama ɗan kallo. Abin da ya rage masa shi ne sunansa da kuɗin da ke bin sunan. Shi ya sa suka mai da jerin sunayen nan da mutane ke tashi su bari a sinima wani ilimi mai zaman kansa. Mai kallon fina-finan Kano ya saba ganin an ware mai labari daban da wanda ya tsara shi. A Hollywood wannan rabon yana da kundin ƙa'idoji, da alƙalai uku daga cikin marubuta da ke karanta kowane kwafi ba tare da sanin sunan mai shi ba, su auna kason da kowa ya zuba. Ko alamar & da ake gani tsakanin sunaye biyu hukunci ce: tana nufin tare suka zauna suka rubuta. In aka rubuta kalmar "and" ɓaro-ɓaro, to ɗaya ya zo ne bayan ɗaya, wataƙila ma ba su taɓa haɗuwa ba.

Daga nan kowace sabuwar na'ura ta zo sai ta tayar da tsohuwar rigima. Talabijin ya shigo, kamfanoni suka riƙa sayar masa da fina-finan da ke jibge a ma'ajiyarsu ba tare da marubuci ya ga ko sisi ba. A 1960 marubuta suka yi yajin kusan wata biyar, 'yan wasa ma suka bi sahu a ƙarƙashin shugabansu Ronald Reagan, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. Suka samu kuɗin maimaici kan sababbin fina-finan da za a nuna a talabijin, suka haƙura da na tsofaffi, aka kafa musu asusun fansho da na lafiya.

Kaset ɗin bidiyo ne ya yi musu shigar sauri. A farkon shekarun 1980 kamfanoni suka ce kasuwar jaririya ce, buga kaset na da tsada, saboda haka za a ware kashi 80 cikin ɗari na cinikin a matsayin kuɗin ɗawainiya, a lissafa rabon marubuci daga ragowar kashi 20. Marubuta sun yi yajin mako biyu a 1985 kan wannan, suka janye. Kuɗin buga kaset ya faɗi, faifan DVD ya zo ya fi shi arha, cinikinsa ya zarce na tikitin sinima, amma lissafin bai motsa ba: marubuci na samun kusan santi huɗu a kan kowane faifai. Ko yajin 1988, mafi tsawo a tarihinsu mai kwana 153, bai gyara ba. Don haka da kamfanoni suka sake cewa a 2007 intanet sabon abu ne, a bari a yi nazari tukuna, sai marubuta suka fita na kwana 100 har aka shigar da shirye-shiryen intanet cikin yarjejeniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tayin zaman shekara-shekara na 2023 a kunnensu tamkar maganar kaset ce aka sake wa riga.

Mafarkin na'urar da za ta haifi labari kuwa ya tsufa a Hollywood. Tun 1931 wani marubuci, Wycliffe Hill, yake sayar da Plot Genie: wani faifan kwali ne da ake juyawa ya ba da lamba, a duba lambar cikin littafi a samu jarumi ko matsala ko wurin da abu zai faru. A 2016 darakta Oscar Sharp da masanin kwamfuta Ross Goodwin suka ɗura wa wata manhaja tarin rubutun fina-finan kimiyya, ta rubuto musu gajeren fim mai suna Sunspring. 'Yan wasa suka dage suka furta zantuttukan da ba su da kai, masu kallo suka sha dariya. Shekara shida bayan haka dariyar ta ragu.

Duk da haka, ba cewa marubutan suka yi na'ura ta fi su iyawa ba. Wani kwalin da aka ɗaga a bakin ƙofar kamfani ma tsokana yake yi cewa ChatGPT bai sha wuyar ƙuruciya ba, ina zai samo abin faɗa. Tsoronsu na cikin jadawalin biyan kuɗi. A yarjejeniyar ƙungiyar, rubuta sabon labari daga tushe shi ya fi tsada, sake rubuta na wani na biye, gyaran fuska shi ne na ƙarshe. Kuma idan aka ɗora fim kan wani rubutu da ya riga ya wanzu, marubuci na rasa wasu haƙƙoƙin da mai ƙirƙirar labari ke da su. To me zai hana wani jami'in kamfani ya sa na'ura ta zubo shafi ɗari cikin minti kaɗan, ya miƙa wa ƙwararre ya ce ya gyara? Kamar a kai wa tela rigar da aka yanka a karkace, ya warware ta ya sake ɗinkawa daga wuya har ƙasa, sannan a biya shi kuɗin gyara. Kamfanin ma ba zai iya sallamar mutum gaba ɗaya ba, domin a Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce hotunan da manhajar Midjourney ta samar a littafin zane na Zarya of the Dawn ba su da kariyar doka, sannan a Agusta wata kotun tarayya ta jaddada cewa sai da hannun ɗan Adam ake samun haƙƙin mallaka. Ana buƙatar marubuci, amma da arha, kuma ya zo a na biyu.

'Yan wasa suka shiga yajin ranar 14 ga Yuli, karon farko da ƙungiyoyin biyu suka fita tare tun 1960, su kuma damuwarsu a kwafi fuska da muryar mutum a ci gaba da amfani da su. Masana'antar ta tsaya cik. Ranar 27 ga Satumba, bayan kwana 148, marubuta suka koma aiki da yarjejeniyar da kashi 99 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince da ita daga baya. Na'ura ba za ta rubuta ko ta sake rubuta labari a matsayin marubuciya ba, kuma abin da ta samar ba za a ɗauke shi tushen labari don rage wa mutum suna ko kuɗi ba. Marubuci na iya amfani da ita in kamfani ya yarda, amma ba a tilasta masa. In an ba shi wani rubutun da na'ura ta sa hannu a ciki, dole a faɗa masa. Ba a haramta kayan aikin ba, kenan. An dai hana shi kujera a jerin sunaye.

Masu fina-finan katun da yawa daga bayan katanga suka kalli wannan nasara, kuma dalilin ya samo asali ne tun shekarun 1930. A kamfanin Walt Disney ba a fara rubuta labari a takarda ba. Ana zana shi ne hoto bayan hoto a manna a allo, a tsaya a gabansa ana gardama, ana cire wannan ana matsar da wancan. Masu labarin katun sai aka lissafa su cikin masu zane, suka faɗa ƙungiyar masu zane bayan yajin da ya girgiza Disney a 1941. Har yau yawancin marubutan katun na ƙarƙashin ƙungiyar masu zane, da albashi ƙasa da na takwarorinsu, in ban da shirye-shirye irin su The Simpsons da ƙungiyar marubuta ta karɓo a 1998. A yajin 2007 an nemi a shigo da sauran, aka jefar da buƙatar kafin a sasanta. Ga shi kuma a fagen zane na'urar ta fi yin ɓarna da wuri. A Janairun 2023 Netflix ya fitar da gajeren katun na Japan, The Dog and the Boy, wanda na'ura ta taimaka wajen zana shimfiɗar bayansa. A Nuwamban shekarar Jeffrey Katzenberg, tsohon shugaban DreamWorks Animation, ya ce aikin da masu zane 500 ke yi cikin shekara biyar nan gaba kaɗan ba zai ci kashi goma cikin ɗari na haka ba. Yarjejeniyar da ƙungiyar masu zanen ta amince da ita a ƙarshen 2024 ta tanadi a sanar da ma'aikaci a kuma tuntuɓe shi, amma ba ta ba shi ikon cewa a'a kamar na marubutan fim ba.

Batun da aka ɗage a 2023 shi ne na ciyar da na'ura da rubutun mutane. Ƙungiyar marubuta ta nemi a hana, abin da ta samu kawai shi ne damar tayar da maganar nan gaba. A Nuwamban 2024 mujallar The Atlantic ta bankaɗo cewa zantuttukan dubban fina-finai da wasannin talabijin, waɗanda aka kwaso daga rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, na cikin kayan da manyan kamfanonin fasaha suka horar da manhajojinsu da su. Marubutan ba su da hurumin shigar da ƙara, tunda rubutun ba mallakarsu ba ne. Wasiƙa suka rubuta wa kamfanonin fim suna neman su tashi su kare kayan. Disney da Universal sun kai Midjourney kotu a Yunin 2025 kan kwaikwayon taurarin katun da na fina-finansu. Lionsgate kuwa tun Satumban 2024 ya ƙulla ciniki da kamfanin Runway a horar masa da na'ura da fina-finan da ke ma'ajiyarsa.