Yadda Ɗaliban Jarida Suka Zama Idon Gari A Amurka

Tun da na fara bin tarihin makarantun koyon aikin jarida a Amurka, abu ɗaya ke ta dawo mani a rai, wato duk lokacin da masu kuɗi suka fito da tallafi suka ce suna neman sabuwar dabara, in ka tona sai ka tarar dabarar ta girmi kakanninsu. Bari in ba mai karatu labarin tun daga tushe.

A shekarar 1908 aka buɗe makarantar aikin jarida a Jami'ar Missouri, ƙarƙashin Walter Williams, wanda shi kansa editan jarida ne da bai yi digiri ba. Ra'ayinsa shi ne ba a koyon iyo a tudu. Don haka ranar da aka fara karatu, a ranar ɗalibai suka fitar da jarida, kuma ta mutanen gari ce, ba ta bangon makaranta ba. Har yau tana fitowa da sunan Columbia Missourian. A wancan zamani editoci da dama dariya suke yi wa batun, suna cewa ɗan jarida haifarsa ake yi, ba a aji ake ƙera shi ba. Joseph Pulitzer bai saurare su ba, ya bar wa Jami'ar Columbia ta birnin New York dala miliyan 2, aka buɗe tata makarantar a 1912, shekara guda bayan rasuwarsa.

To, daga nan sai mu tsallako kusan shekara 100. Intanet ta zo ta kwashe tallace-tallacen da ƙananan jaridu ke ci da su. Binciken makarantar Medill ta Jami'ar Northwestern ya nuna cewa daga 2005 zuwa yanzu Amurka ta rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, kuma gundumomi fiye da 200 ba su da wata kafar labarai tasu ko ɗaya. Ka ƙaddara ƙaramar hukuma ce sukutum, a zauna a yanke haraji, a ba da kwangila, a rufe makaranta, babu wanda ya zauna a bayan zaure da biro yana rubutawa.

A watan Agusta na 2012 wakilan wasu gidauniyoyi, ciki har da Eric Newton na Gidauniyar Knight, suka rubuta wa shugabannin jami'o'i buɗaɗɗiyar wasiƙa. Suka ce a mayar da makarantun jarida tamkar asibitin koyarwa, inda ɗalibin likita ke duba marar lafiya na gaske, malaminsa na tsaye a kansa. Suka kuma ja kunne cewa wanda ya ƙi canzawa zai sha wuya wajen samun kuɗinsu. Ni a ganina wannan gargaɗi ne ya fi misalin asibitin tasiri, domin mai abu shi ke da iko da abinsa. Abin mamaki kuma, dukiyar Knight ɗin nan daga sayar da jarida 'yan'uwan biyu, John da James, suka tara ta.

A 2013 aka kafa asusu na musamman don gwada sababbin hanyoyin koyar da jarida, aka danƙa shi hannun ƙungiyar 'yan jaridar intanet, ONA, da gudummawar Knight, McCormick, Democracy Fund da wasunsu. A 2014 aka zaɓi makarantu 12 na farko, kowace ta samu dala 35,000. Sharaɗin shi ne ya fi burge ni: sai makaranta ta haɗa hannu da wata kafar labarai ta yankinta, su gwada wani abu a kan mutanen gari na zahiri, sannan su fito su faɗi abin da suka koya, ko an dace ko ba a dace ba. A ma'aunin jami'ar Amurka dala 35,000 ba wani kuɗi ba ne, ba za ta biya albashin malami guda na shekara ba. Amma ta isa ta sa farfesa ya taka ya je ofishin editan da ya daɗe bai gaisa da shi ba.

Inda labarin ya fi taɓa ni shi ne wata gunduma a Jihar Jojiya mai suna Oglethorpe. Jaridarsu ta mako-mako, Oglethorpe Echo, tun 1874 take fitowa. A 2021 mai ita ya gaji, ya yi niyyar rufewa. Sai aka mayar da ita hannun wata ƙungiya da ba ta neman riba, ɗaliban Jami'ar Jojiya suka zama su ne masu ɗauko mata labarai, malamansu na tacewa. Wannan ba daga wancan asusu ya fito ba, amma tunanin ɗaya ne. Bambancinsa da zamanin Williams shi ne, a da ɗalibi yana koyo ne a gefen ƙwararru, yanzu kuwa a wurare da yawa in bai je zaman majalisar gunduma ba, to babu mai zuwa.

A nan kuma damuwata take. Ɗalibi baƙo ne, kafin ya gama sanin wa ke gaba da wa a gari, ya karɓi takardarsa ya tafi, wani sabo ya zo ya fara tambayar hanya. Tallafi shi ma yana da wa'adi, gari kuwa kullum sai an kwana da labari. Su kansu gidauniyoyin da alama sun gane cewa ƙananan kyaututtuka ba za su riƙe ginin ba, domin a 2023 sun haɗu ƙarƙashin jagorancin Gidauniyar MacArthur suka ƙaddamar da shirin Press Forward, da alkawarin sama da dala miliyan 500 cikin shekara 5 don labaran yankuna. A shekarar da ta biyo baya, 2024, jaridar ɗaliban Jami'ar Iowa, Daily Iowan, ba ta tsaya ga haɗin gwiwa ba, sai ta sayi jaridun mako-mako guda biyu na garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, ta ci gaba da buga su da sunayensu na asali.