Tarihin Karatun Gajiya: Daga Buhun Douglas Zuwa Digiri Na Biyu

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar dariya ce da muka yi a ɗakin kwananmu, wadda daga baya ta zame mini abin kunya. Wani abokin zamana da ke karatu a sashen ilimin motsa jiki ya gaya mana cewa in ya gama yana da niyyar ya zarce digiri na biyu a kan aikin gaɓoɓin jikin ɗan'adam da kula da lafiyar 'yan wasa. Sai wani daga cikinmu ya ce, "To malam, shi gudun ma sai an yi masa digiri na biyu? Ai ko akuya ta iya." Muka fashe da dariya, har da ni. Shi kuwa bai yi fushi ba. Ya dube ni ya ce tun da ni ɗalibin tarihi ne, in gaya masa lokacin da aka fara auna numfashin mai gudu, da wanda ya auna. Na rasa ta cewa. Wannan ya sa na shiga bincike, kuma a wannan ɗan taƙaitaccen bayani zan yi ƙoƙari in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu abin da na samo: inda wannan fanni ya faro, da waɗanda suka raine shi, da amfanin da ya yi, da kuma ɓarnar da aka yi da shi.

Mafarin al'amari

Tsoka ba ta aiki sai da makamashi, kuma tana samunsa ne ta hanyar ƙona sukari da kitse da iskar oksijin. Huhu ke shaƙo iskar, jini ya ɗauke ta, zuciya ta harba jinin zuwa tsoka. Saboda haka duk wanda ya san yawan oksijin da mutum ke sha a minti ɗaya, ya san nauyin aikin da jikinsa ke yi. A shekarar 1911 wani malamin Jami'ar Oxford mai suna C. G. Douglas ya ƙera wani babban buhu wanda iska ba ta fita daga cikinsa, mai bututu zuwa baki. Mutum zai riƙa fitar da numfashinsa cikin buhun, sa'an nan a auna yawan iskar a duba abin da ya ragu na oksijin a cikinta.

Wanda ya ɗauki buhun nan ya fita da shi fili shi ne A. V. Hill, Baturen Ingila wanda ya fara da karatun lissafi kafin ya koma nazarin tsoka. Shi ne ya raba kyautar Nobel ta 1922 da Otto Meyerhof na Jamus. Hill mai son gudu ne, don haka a Manchesta ya goya buhun a bayansa ya riƙa zagaya wani ɗan fili mai ciyawa yana ƙara sauri. A 1923 shi da Hartley Lupton suka bayyana abin da suka gano, wato shan oksijin yana ƙaruwa da ƙaruwar sauri har ya kai wani matsayi ya tsaya cak, ko da mai gudun ya ƙara wuta. Mutum a zaune yakan sha kimanin rubu'in lita a minti ɗaya, shi kuwa Hill ya tsaya ne a wajen lita 4. Wannan iyaka ita ce ma'aunin da har yau ake gwada juriyar masu gudun nesa da shi.

To, amma Hill ya yi kuskure a wani wuri. Ya ɗauka sinadarin laktik da ke taruwa a jini lokacin aiki mai tsanani shi ne ke kawo gajiya. A shekarun 1980 George Brooks na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa zuciya da sauran tsokoki suna ƙona shi a matsayin makamashi. Kyautar Nobel ba ta hana na baya su gyara wa Hill ba, kuma irin wannan gyara shi ne aikin mai digiri na biyu da na uku.

Ɗakin gwajin gajiya na Harvard

A 1927 aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje na musamman don nazarin gajiya a Jami'ar Harvard ta Amurka. L. J. Henderson, masanin sinadaran jini, shi ne jigon kafa shi, David Bruce Dill kuma shi ke tafiyar da bincike. Abin lura a nan shi ne inda aka ajiye ɗakin: a ƙarƙashin ginin makarantar koyon kasuwanci. Dalili kuwa, masu masana'antu na son su san abin da ke gajiyar da lebura, domin a san yadda za a sami ƙarin aiki daga jikinsa. Ke nan ba don 'yan wasa aka kafa shi ba. An kawo su ne saboda jikinsu na nuna iyakar abin da ɗan'adam zai iya.

Cikin waɗanda aka auna akwai Clarence DeMar, wanda ya ci gudun yada-ƙanin-wani na birnin Boston har sau 7 tsakanin 1911 da 1930. A zamaninsa likitoci da yawa sun yi imani cewa gudun nesa na lalata zuciya, har ma an taɓa ba shi shawara ya daina. Da ya mutu a 1958 sanadiyyar ciwon daji, aka duba zuciyarsa aka tarar jijiyoyin da ke ba ta jini sun ninka na sauran mutane faɗi sau biyu zuwa uku.

Masanan nan ba su zauna a ɗaki kawai ba. A bazarar 1931 zafi ya kashe leburori da dama a wurin gina madatsar ruwa ta Hoover cikin hamadar Nevada. A 1932 Dill da abokan aikinsa suka tafi can suna auna gumin mutane, suka tabbatar da cewa mai aiki a rana yana zubar da gishiri mai yawa tare da ruwa, suka ba da shawara a yawaita shan ruwa a kuma ƙara gishiri a abinci. A 1935 suka hau duwatsun Andes a ƙasar Chile don ganin yadda jinin masu haƙar ma'adinai ya saba da ƙarancin iska. A 1939 kuma suka je Mississippi suka auna manoman auduga, baƙaƙe da farare, a cikin zafi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aikinsu ya koma kan abinci da tufafin soja. A 1943 suka fito da wani gwaji mai sauƙi: mutum ya hau benci mai tsawon inci 20 ya sauka, sau 30 a minti ɗaya, har minti 5, sa'an nan a ƙirga bugun zuciyarsa yayin da yake hutawa. Wanda bugunsa ya yi saurin sauka shi ne mai ƙwari.

Henderson ya mutu a 1942, yaƙi ya warwatsa ma'aikata, jami'a kuma ba ta ga dalilin ci gaba da ɗaukar nauyin ɗakin ba. A 1947 aka rufe shi, bayan shekara 20 da maƙaloli fiye da 300.

Silsilar malamai

A ganina rufewar nan ita ce ta yaɗa fannin, domin kowane almajiri ya tafi ya kafa tasa makarantar. Sid Robinson, wanda ya yi wa Amurka gudu a wasannin Olamfik na 1928, ya yi digirinsa na uku a ɗakin, inda a 1938 ya auna maza daga ɗan shekara 6 zuwa mai 91 ya nuna yadda ƙarfin bugun zuciya ke raguwa da shekaru. Daga nan ya koma Jami'ar Indiana ya yaye nasa ɗaliban. Ancel Keys ya tafi Minnesota. Rodolfo Margaria ya koma ƙasarsu Italiya. Daga Denmak kuwa, Erik Hohwü Christensen, almajirin August Krogh mai kyautar Nobel ta 1920, ya yi aiki da mutanen Harvard, daga baya ya koma birnin Stockholm na Suwidin. A can ya koyar da Per-Olof Åstrand, wanda ya rubuta kundinsa a 1952, kuma a 1954 shi da Irma Ryhming suka fito da hanyar ƙiyasta iyakar shan oksijin daga bugun zuciya ba tare da an wahalar da mutum har ya faɗi ba. Mai karatu zai ga cewa karatun nan daga hannu zuwa hannu ya taho, malami ya ba almajiri, almajiri ya ƙara nasa.

A wannan shekara ta 1954, ran 6 ga Mayu, wani ɗalibin likita a Ingila, Roger Bannister, ya yi gudun mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4, ya zama na farko da ya sauka ƙasa da minti 4. Kafin nan shi kansa ya yi bincike a Oxford a kan numfashin masu gudu.

Darasin Meziko

Wasannin Olamfik na 1968 su ne suka sa gwamnatoci suka san darajar waɗannan masana. Birnin Meziko yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,240, inda kowane numfashi ke kawo oksijin da ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ron Clarke na Ostireliya, wanda ke riƙe da bajintar duniya a mita 10,000, ya zo na shida, ya kuma faɗi sumamme a bakin layi. Naftali Temu na Kenya ya ci wannan tsere, Kipchoge Keino ya ci mita 1,500, Mamo Wolde na Habasha ya ci gudun yada-ƙanin-wani. Dukkansu mutanen tudu ne. Jikin wanda ya zauna a tudu yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin. Daga nan ƙasashe suka shiga kafa sansanonin horo a kan duwatsu, jami'o'i kuma suka buɗe ƙofa ga masu neman babban digiri a fannin.

Mai kula da ɗan wasa

Akwai reshe na biyu da ya taso ta wata hanya dabam. A farkon ƙarni na 20 mai kula da 'yan wasa a Amurka mutum ne mai soso da bokiti da man tausa, wanda ya koyi aikin da gani. A 1950 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a birnin Kansas, a 1959 suka tsara manhajar karatu, a 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da su cikin ma'aikatan lafiya. Tun daga 2022 kuwa, sabon mai shiga sana'ar a can sai ta hanyar digiri na biyu.

Dalilin wannan tsanani rai ne. Ran 1 ga Agusta 2001 Korey Stringer, ɗan wasan ƙwallon Amurka mai shekara 27, ya mutu bayan zafi ya buge shi a wurin atisaye. A 2010 aka buɗe cibiya da sunansa a Jami'ar Connecticut. Ƙa'idar da ake koyarwa yanzu ita ce, in zafin cikin jikin ɗan wasa ya haura digiri 40 hankalinsa kuma ya gushe, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take a filin, a sauko da zafin cikin minti 30, kafin a ɗauke shi zuwa asibiti. Wanda bai yi karatun ba zai sa shi a mota ne ya kama hanya, kuma a hanyar ake rasa shi. Mu da ke buga ƙwallo da tsakar rana a watan Afrilu bai kamata mu ɗauki wannan a labarin nesa ba.

Inda aka ci amana

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Jamus ta Gabas ta kafa babbar kwalejin nazarin wasanni a Leipzig a 1950, ta yaye ƙwararru na gaske. Amma daga 1974 gwamnatin ƙasar ta tsara shirin ba 'yan wasa ƙwayoyin ƙara ƙarfi a asirce. Dubban matasa aka ba, har da 'yan mata ƙanana masu ninƙaya, ana ce musu bitamin ne. Da yawansu sun ƙare da ciwon hanta da na zuciya da rikicewar halittar jiki. Masu auna ƙwayoyin nan likitoci ne da masana masu manyan digiri. A shekarar 2000 kotu a Berlin ta sami shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifi, ta yi musu ɗaurin talala. Tambayar da ta taso tun a ƙarƙashin ginin makarantar kasuwanci ta Harvard ita ce ta sake dawowa a nan: shin masanin yana yi wa mai jikin aiki ne, ko kuwa wanda ke cin amfanin jikin?

Kammalawa

Na koma wurin abokin nan nawa na gaya masa cewa amsar tambayarsa ita ce Hill, a farkon shekarun 1920, da buhun Douglas a goye. Na kuma ba shi haƙuri. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu da ke kukan ana raina karatun Hausa a jami'a mu ne ya fi kamata mu guji raina karatun wani. Fannin da ya gano abin da ke kashe lebura a rana, ya kuma koyar da yadda za a ceci yaron da ya faɗi a fili, ya cancanci digiri na biyu da na uku. Roƙona ga shi da sauran masu niyyar bin wannan hanya shi ne su karanta tarihin Leipzig kamar yadda za su karanta na Harvard, domin wata rana mai horarwa zai matsa musu su mayar da yaro fili alhali gwajinsu ya nuna bai warke ba, kuma a ranar sa hannunsu ake jira.