Mai Ciwon Suga Da Ya Warke Daga Korona: Abin Da Ke Biyo Baya

Yanzu ba ka jin zancen korona a zango ko a kara, kowa ya yar da takunkumi ya koma harkarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar tun ranar 5 ga Mayu 2023. To amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo, kuma ga mai ciwon suga, tashi daga jinyarta ba shi ne ƙarshen magana ba. Na tattaro wannan bayani ne saboda iyayenmu da yayyenmu masu suga da ke neman halal a nan Kudu.

Mece ce doguwar korona?

A watan Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta: alamomin da mutum ke fama da su wata 3 bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, kuma likita bai gano wata cutar da ta jawo su ba. Waɗanda aka fi gani su ne kasala mai tsanani, haki da ɗan ƙaramin aiki, da mantuwa ko rashin tattara hankali. Ba sai wanda aka kwantar a asibiti ba, har wanda ya ɗauka mura ce kawai tana iya samunsa.

Me ya sa mai suga ya fi shiga haɗari?

A Ingila, cikin watannin farko na annobar a 2020, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda korona ta kashe a asibiti masu ciwon suga ne. Dalili shi ne, dama can suga yana cin jijiyoyin jini a hankali, na zuciya da ƙoda da ido da ƙafa. Korona kuma tana kumbura waɗannan jijiyoyi, tana sa jini saurin daskarewa. Kun ga an yi gami ke nan. Bayan haka, idan jiki yana yaƙi da cuta ba ya amsa insulin yadda ya saba, sai suga ya hau. Shi ya sa wanda ƙwaya ɗaya ke riƙe masa suga a da, bayan jinya sai a ga ta daina isarsa.

Har ma wanda ba shi da suga bai tsira ba. Wani bincike da Dakta Ziyad Al-Aly da abokin aikinsa suka fitar a Amurka a 2022, a kan tsofaffin sojoji sama da 180,000 da suka yi korona, ya nuna haɗarin kamuwa da suga cikin shekara guda ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a kan waɗanda ba su yi ta ba. Nazarin da aka yi a kan tsofaffin sojojin ya kuma nuna ƙarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da raunin ƙoda, musamman ga waɗanda jinyarsu ta yi tsanani.

Inda matsalarmu take

Ni a harkar shanu na tashi, na san yadda muke. Mutum ya sauko da tirela daga Potiskum ko Maigatari zuwa Oko-Oba a Agege ko Lokpanta, kwana biyu a hanya, abincinsa shayi mai kauri da burodi da lemon kwalba. In ya ji kasala sai ya ce gajiyar hanya ce, ko taifot, ko basir, ya wuce kemis a haɗa masa magani.

A nan ne haɗarin yake, domin sau da yawa akwai dexamethasone cikin irin wannan haɗi. Maganin yana ceton rai ga mai korona da ke kan iskar oksijin a asibiti, amma yana ɗaga suga sosai. A Indiya a 2021 mutum sama da 40,000 suka kamu da wata muguwar cutar fumfuna mai cin hanci da ido bayan korona, yawancinsu masu suga ne da aka bai wa irin wannan magani. Don Allah mai suga kada ya sha shi sai likita ya rubuta.

Abin da ya kamata a yi bayan an warke

Na farko, a riƙa awon suga da safe kafin karin kumallo, a rubuta a takarda. Ga wanda ba a taɓa ce masa yana da suga ba, in awon ya kai 126 ko fiye har sau biyu, to ya ga likita. Ƙishirwa, yawan fitsari da ramewa ba dalili su ma alamu ne.

Na biyu, a nemi gwajin HbA1c. Shi yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ga yawancin masu suga ana so ya zama ƙasa da 7.

Na uku, a auna hawan jini, a yi gwajin ƙoda na jini da na fitsari, a duba ido sau ɗaya a shekara. Manyan asibitoci irin su UCH a Ibadan da LUTH a Legas suna da sashen masu suga, kuma babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai ma zai iya fara maka.

Na huɗu, a duba ƙafa kowane dare. Mai shiga taɓon kara da silifas, ƙusa za ta iya soke shi bai ji ba. A sa takalmi rufaffe.

Na biyar, kada a ajiye maganin asibiti don an ji sauƙi ko don an samu na gargajiya. Kuma a koma aiki a hankali, domin tilasta wa jiki yakan dawo da kasalar. Allurar rigakafi ma tana rage haɗarin doguwar korona.

Lokacin da ba a jira

Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, karkacewar baki ko mutuwar hannu, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, amai ba tsayawa tare da ciwon ciki da gyangyaɗi, duk waɗannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce bari a ci kasuwa tukuna, ko sai an koma Arewa.

Ina roƙon matasa 'yan uwana, wanda ke da uba ko kawu mai suga ya karanta masa wannan, ya kuma raka shi awo. Na'urar awon suga ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu baki ɗaya, amin.