Auna Gani da Ingancin Rayuwa Bayan Tiyatar Gyaran Raunin Ganin Kusa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar hanyoyin da ake bi wajen auna nasarar tiyatar gyaran raunin ganin kusa, wanda kan zo da shekaru. Matsayarta ita ce allon haruffa na asibiti bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba, sai an haɗa da shaidar majinyaci, an kuma bibiye shi na tsawon lokaci.

Gabatarwa

Da mutum ya haura shekara 40, madubin cikin ido yakan fara tauri, ya kasa lanƙwasawa don ganin abu na kusa. Shi ya sa za ka ga magidanci yana nesanta waya daga fuskarsa kafin ya karanta saƙo. Binciken Fricke da abokan aikinsa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.8 ke da wannan lalura a 2015, kuma miliyan 826 daga cikinsu ba su sami gyara mai gamsarwa ba. Tabarau shi ne magani mafi sauƙi. Masu neman rabuwa da shi kan zaɓi aikin leza da ke saita ido ɗaya ga nesa ɗaya ga kusa, ko a cire madubin a dasa na roba mai mazaunin gani biyu ko uku.

Tattaunawa

Bitar Cochrane ta 2016 ta nuna cewa waɗanda aka dasa wa madubi mai mazauni da yawa sun fi waɗanda aka dasa wa mai mazauni ɗaya ganin kusa, sun kuma rage dogaro da tabarau, amma sun fi kokawa da ƙyalli da zoben haske a kewayen fitila. A nan gizo ke saƙar. Direba zai iya karanta layin ƙasa na allo a ɗaki mai wadataccen haske, amma da dare fitilun motar da ke tunkaro shi su rikiɗe masa. Allo ya ce an yi nasara, shi kuwa ya daina tuƙin dare. Don haka dole a auna iya rarrabe abu a dusashen haske, da gani a tazarar santimita 40 da tazarar kwamfuta, sannan a yi amfani da tantattun tambayoyi irin su NEI-RQL-42 da NAVQ.

Lokaci ma ma'auni ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani dashen gyaran ganin kusa mai suna Raindrop, da ake sakawa a fatar gaban ido, a 2016, sai ga shi a 2018 ta yi gargaɗi saboda hazon da yake haddasawa. Rahoton wata uku ba zai kama irin wannan ba.

Wani abin damuwa shi ne, an gina tambayoyin nan ne a kan rayuwar Turai da Amurka. Kafin a yi aiki da su a asibitocinmu, sai an sake tantance su da abin da majinyatanmu ke buƙatar ido dominsa: zura zare a allura, tsintar tsakuwa a shinkafa, karatun Alƙur'ani da asuba.