Ɗigon Shan Inna da Hanyar Fatake

Duk wanda ya san tashar Upper Iweka ta birnin Anacha, inda manyan motoci ke ɗibar mutane da kaya dare da rana, ya san cewa Hausawan wannan gari, da 'yan'uwansu na Inugu da Fatakwal, ba su taɓa yanke zumunci da gida ba, domin mace kan tafi Arewa wankan jego ta komo da jariri a goye, yaro kuma kan tafi neman ilmi ya dawo da Salla. Saboda haka abin da ya sami Kano ya same su, kuma tarihin rigakafin shan inna hujja ne a kan wannan.

Kakanninmu, idan yaro ya kwana da zazzaɓi ya wayi gari ƙafarsa ta shanye, sukan jingina abin ga iskoki, su nufi boka ko 'yan bori, alhali kuwa ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da najasa ta taɓa. Sai a shekarar 1955 aka yi shelar cewa allurar da Jonas Salk ya haɗa a Amurka daga matacciyar ƙwayar tana ba da kariya. Bayansa Albert Sabin ya zo da wadda aka raunana, ake ɗigawa a baki, aka jarraba ta a kan miliyoyin yara a Tarayyar Sobiyat a 1959. Wannan ɗigo, da yake yana da araha, kuma ba ya bukatar gwanin allura, shi ya ƙarfafa wa Hukumar Lafiya ta Duniya gwiwa har ta ƙudurta kawar da cutar a 1988, lokacin da take nakasa yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125.

Amma hikimar likita ba ta wadatarwa idan amana ta yi rauni. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Don haka da shubuha ta taso a 2003 cewa an gauraya ɗigon da abin hana haihuwa, zukata suka karɓa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin. Kafin a komo gare shi a watan Yuli na 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, cutar ta riga ta bi matafiya zuwa wasu ƙasashe, daga bisani ta yaɗu zuwa ƙasashe wajen ashirin, har ta kai hukumomin Saudiyya suka wajabta ɗigon a kan alhazan Nijeriya.

Abin da ya warware wannan mushkila shi ne shigowar waɗanda jama'a ke jin maganarsu. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa a 2009, malamai kuma suka yi bayani cewa kiyaye rai da lafiyar zuriya yana cikin manyan manufofin Shari'a. Ma'aikata suka bi gida gida suna rubutu da alli a bango, suna shafa tawada a ƙaramin yatsan yaro, aka kuma girke wasu a tashoshi da kasuwanni domin 'ya'yan matafiya. A zangunan Kudu kuwa, sau da yawa sai da yardar Sarkin Hausawa da liman ƙofa ke buɗewa. Wasu ma'aikatan sun biya da rayukansu, kamar tara da aka harbe a Kano a 2013, Allah ya jiƙansu.

A Borno aka ga ƙarshen ƙwayar ta asali a Nijeriya a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shaida kuɓutar Afirka daga gare ta. Sai dai akwai wani reshe da ke tsirowa daga raunanniyar ƙwayar ɗigon, wanda ba ya samun gindin zama sai inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, kuma ɗan da aka haifa a wani gari aka yaye a wani shi ya fi saurin kuɓuce wa lissafin ma'aikata. Wajibi ne ke nan a kan maigida ya tabbata an cika wa ɗansa ɗigonsa kafin ya sa iyali a mota.