Daga Rikoda Zuwa Wayar Hannu: Ina Muryoyin Iyayenmu?

Duk wanda ya tashi a Abu Hujar ko Mai Wurno shekaru arba'in da suka wuce ya san darajar rikoda, wadda maƙwabtanmu ke ce wa musajjal. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, amma a ƙauyukanmu sai ya zama igiyar zumunci da ƙasar da kakanninmu suka baro, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu a kan hanyar Hajji. Matafiya kan zo da kaset na Mamman Shata da Ɗanƙwairo, a sayo batura, a shimfiɗa tabarma bayan isha'i, yaro da babba a kasa kunne. Wanda bai iya rubutu ba kuwa, sai ya naɗi muryarsa, ya ba wa alhaji ya kai wa dangi.

A can waje, Sony ya fitar da Walkman a 1979, Apple ya biyo da iPod a 2001. Dukansu na sauraron mutum ɗaya ne, iPod kuma sai da kwamfuta ake zuba masa waƙa, don haka bai samu gindin zama a wurinmu ba. Wayar hannu ce ta kayar da rikoda, ba kuma da ƙarfin intanet ba, da ɗan ƙaramin memori da Bluetooth. Waya ɗaya mai araha ta haɗa kira da rediyo da tocila da ɗaruruwan waƙoƙi, babu sayen batura, babu zaren da zai harɗe. A 2022 Apple ma ya daina ƙera iPod.

Sai dai nasarar ba ta zo kyauta ba. Zaman tabarma ya watse, kowa ya toshe kunnensa. Kaset ɗin da ke ɗauke da muryar kaka, da karatun malami, da guɗar biki, yana cikin akwati zafi da ƙura na cin sa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, da yawa sun bar gida da waya a aljihu, akwatin kuwa ya saura a baya.

'Yan'uwa, wanda Allah ya tsare masa tsohon kaset, ya nemi rikoda ya kunna, ya naɗa a waya, ya tura wa dangi fiye da ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: ita ma wayar wata rana za ta zama labari.