Daga Wankin Allo Zuwa Jingar Fiziks a Ƙasar Kabi

Tun kafin a gina ajin boko ko ɗaya a bakin gulbin Rima, makon ɗalibi a ƙasar Kabi yana da tsarinsa. Daga Asabar zuwa Laraba ake karatu. Ran Laraba yaro ya kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta. Dokar makarantar allo kuwa ɗaya ce: ba a wanke allo sai an biya abin da ke kansa babu gargada. Wanda ya kasa, allonsa ya kwana da tsohon rubutu, ko da 'yan'uwansa sun wuce shi da sura biyu. Ni malamin fiziks ne, kuma a wajena wannan doka ita ce tushen aikin da nake ba ɗalibaina kowane mako.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin darajar ilimi. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya zauna a Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka mai da Argungu cibiyarsu. Shi Malam Abdullahi na Gwandu, ban da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta wajen kowannensu. Abin da mai nazari zai gani a ciki shi ne karatun zaure: littafi bayan littafi, ba a ɗaukar na gaba sai an sauke na hannu.

Da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20, sai mako ya sake fasali. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Boko ya kawo ƙararrawa da jadawali da baƙin allo, amma ya jingina makomar yaro ga jarrabawar ƙarshe. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta ƙara ɗaure wannan al'ada. Nan ne aka koyi kwana karatu ana gobe jarrabawa, a haddace, a zubar a takarda, a manta.

Gyaran ya zo da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982. Daga nan aka ce gwajin aji da jingar da ake kai wa gida su ma suna da maki. A yau kashi 30 ko 40 cikin ɗari na sakamakon ɗalibi a manyan makarantu daga nan yake fitowa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ƙofofin kimiyya suka yawaita: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Duk mai neman zama injiniya ko likita ko malamin kimiyya, sai ya bi ta darasin fiziks na shekarar farko.

To, shi wannan darasi ba ya karɓar bashi. Makon farko awo ne: mita da kilogiram da daƙiƙa. Sai gudu da ƙaruwarsa, sai dokokin motsi uku da Newton ya wallafa a 1687, sai aiki da makamashi. Kowane mako a kan kafaɗar na baya yake tsaye. A ɗakin gwaje-gwaje nakan ba yara zare da ɗan dunƙulen ƙarfe da agogo. Su rataye shi, su ƙirga lilo ashirin, su rage tsawon zaren, su sake ƙirgawa, su zana jadawali, har su fito da ƙarfin jan ƙasa kusa da 9.8. Wanda bai yi jingar makon jiya ba, zai riƙe agogon daidai, amma da an zo lissafi sai ka ga alƙalami ya tsaya.

Idan muka kai babin shawagi a ruwa, ba na neman misali daga nesa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Duk ɗan garin ya ga masunci ya kwanta bisa gora a Matan Fada, homa a hannu, bai nutse ba. Sai in ce a lissafa mini yawan ruwan da gorar za ta ture kafin ta ɗauki mutum mai kilo 60. Ɗalibin da ya bi makwanninsa a jere, cikin minti biyar ya gama.

Na san uzurorin, kuma na gaskiya ne. Akwai mai tashi da asuba zuwa fadamar shinkafa, akwai mai tsaron shagon mahaifinsa, akwai daren da babu wuta. Amma almajirin da ma da hasken karan dawa ya yi tilawa. Abin da ya fi damuna shi ne kwafe amsar aboki a bakin ƙofar aji, ko ɗauko ta daga waya, domin maki kawai hakan ke kawowa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana malamai: mu duba jinga mu mayar cikin makonta, da gyara a rubuce. Iyaye, ku riƙa tambayar littafin aiki kamar yadda kakanninmu ke tambayar allo. Ku kuma ɗalibai, ku ware awa guda kullum, ku warware tambaya biyu ko uku da hannunku, abin da ya shige muku duhu ku kawo shi aji tun mako bai juya ba. Allah ya ba da ilimi mai amfani.